Wata Shida Ina Cin Tuwo Ni Kaɗai

Ina auna hatsi a kasuwar Gusau lokacin da tarin ya fara. Na ɗauka ƙaiƙayin gero ne, na yi ta shan zuma da citta. Sai da na ga jini a kakina na je asibiti. Suka ce tarin tibi ne, magani wata shida ba fashi.

Na rufe rumfa na koma Bungudu, gidan yayana. Ya ba ni ɗakin da ke jikin zaure, inda a da ake ajiye fartanya da igiyoyin shanu. Matarsa ta ware mini kwano da moɗa, ta ɗiga musu jan farce a gindi don kada su haɗu da na yara. Ba wulaƙanci ba ne, ko ni ne haka zan yi. Takan ajiye tuwo a bakin ƙofa ta ce, "Allah ƙara sauƙi," ta juya.

A layinmu, bayan magariba maza kan fito da kwanukansu su ci tare a ƙofar gidanmu. Bango ɗaya ne tsakanina da tabarmarsu. Ina jin ƙarar murfin kwano, ina jin gardamar taki da ta ruwan sama, har nakan shirya amsa a raina. Nakan jira su fara ci sannan in sa hannu a nawa.

Wata rana kawuna ya zo daga Tsafe ya duba ni. Daga bakin ƙofa ya tsaya.

"Ka yi haƙuri," ya ce. "Sai ka tashi za ka san daɗin lafiya. Da can ba ka sani ba."

Na ce, "Haka ne, Kawu." Amma raina bai karɓa ba. Na san daɗinta mana. Ina tuna yadda nake saɓa buhu ina dariya.

Duk ranar karɓar magani a Gusau nakan haɗu da wani manomi ɗan Kucheri, ramamme, mai yawan barkwanci. Shi kaɗai ne ke zama kusa da ni har kafaɗunmu su haɗu. Mukan raba rake a kan benci. A wata na huɗu ban gan shi ba. Na tambayi ma'aikaciyar da ke ba mu ƙwayoyin, ta ce ya rasu. Shi ma ya sha wuyar, ya fi ni ma, bai kuwa kai inda ake cewa za a san daɗin ba.

Da aka ce na warke, na ɗauki kwanona na fita tabarma. Aka yi mini barka. Mutum biyu suka ɗan gusa, kamar suna gyara zama. Wani dattijo maƙwabcinmu ya turo nasa kwanon gabana.

"Mi kake jira? Sa hannu."

Tuwon dawa ne da miyar kuka, gishirin ma bai ji ba. Na ci ina sunkuyar da kai don kada a ga idona. Ba zan musa ba, ban taɓa jin daɗin loma kamar ta ranar ba. Sai dai ina ci ina lura da waɗanda suka gusa, kuma har yau ban iya mantawa da ko su wane ne ba. A da ban san ana lura da irin wannan ba.

Bayan girbi na koma Gusau na sake buɗe rumfa. Abokan kasuwa kan kira ni cin abinci da rana, wani lokaci in je, wani lokaci in ce na ƙoshi. In ban je ba, nakan zauna bayan buhuna in ci nawa a hankali, ina sauraren hirarsu.