Murhun Ruwan Jego

Cikin matata na wata bakwai na fara ginin murhu a bayan ɗakinmu a Nyanya. Haihuwar fari ce, kuma bisa al'ada gidan iyayenta ya kamata ta je wanka, sai dai hanyar garinsu ba ta biyuwa saboda masu satar mutane. Aka tsayar da magana a kan gwaggona, ƙanwar mahaifina, za ta zo ta yi mata wankan jego a nan. Gwaggo ta aiko da sharaɗinta ta waya: ita ba ta san ruwan jego a kan gas ba, a tanadar mata wutar itace.

Ni ma'aikacin ofis ne, hannuna bai san abin da ya fi biro nauyi ba, amma ina da taurin kai. Na ce ba magini, da kaina zan yi. Na kalli yadda ake yi a waya, na sayi bulo da siminti, na ɗora wani abu mai kama da murhu. Ranar da na gwada shi da wuta, siminti ya dare gida biyu, matata tana leƙe ta taga tana dariya har da riƙe ciki. Mai gidan da muke haya, wani dattijo Bagware, ya zagayo ya tsaya a kaina ya ce, "Oga, wannan wuta naka, kar shi ƙona mini gida fa." Na yi masa alkawarin bututun hayaƙi.

Karo na biyu na bi ta hanyar mutanen da. Na ɗebo jar ƙasa a gonar wani abokin aikina a Paikon Kore, na cakuɗa ta da ƙaiƙayin shinkafa, na tattake da ƙafa, na bar ta ta kwana. Guntayen rodi da tsohon bututu na samo wajen 'yan gwangwan a Idu. Rabin duron da za a riƙa dafa ruwan na kifa na auna faɗin baki, na bar ƙofar itace a gaba, bututun a baya. Na rufe shi da jiƙaƙƙen buhu don ya bushe a hankali. Kullum da safe, kafin in shiga cunkoson hanya, sai na tsuguna na bi ƙananan tsagu da babban yatsa ina cike su da laka.

Murhun ya bushe, gwaggo ta iso da ƙullin kanwa da gero, naƙuda ta zo. Namiji ne, amma bai zo da rai ba. Aka miƙo mini shi a naɗe cikin zane, muka kai shi makwancinsa kafin la'asar.

Gaskiyar magana, ban ji komai ba. Na yi ta jira in ji, shiru. Mutane suna zuwa gaisuwa ina amsawa, ina shimfiɗa tabarma ina naɗewa, ina lura da wanda ya bar takalminsa a bakin ƙofa. Matata kuwa tun da muka dawo daga asibiti ta juya fuska bango. Ba ta yi kuka ba, ba ta cin abinci, ƙafafunta suka kumbura. Likita ya ce lallai ta ci, ta kuma riƙa motsawa. Na san in aka ci gaba a haka ita ma zan rasa ta, amma sanin a kaina kawai ya tsaya.

Wata safiya na ɗauki guduma na nufi bayan ɗaki. Ba fushi nake yi ba, gani na yi kawai abin ya tare wuri. Gwaggo tana shanya a wajen, ta tambaye ni abin da zan yi, na ce ai ba shi da sauran amfani.

"Ɗan ne ya tafi," in ji ta. "Jegon yana nan a jikinta. Ajiye wannan, ka hura wuta."

Na hura. Wutar ta kama, hayaƙi ya bi bututu ya miƙe sama, ko tsaga ɗaya murhun bai yi ba. Na lura da haka kamar aikin wani nake dubawa. Ruwa ya tafasa, gwaggo ta jefa ganyen darbejiya, ta shiga ɗaki lallashin matata, ta fito ita kaɗai. Ruwan ya huce a duro. Da yamma ta ce in sake hurawa, washegari ma haka. Ina hurawa, ruwa yana hucewa, ina zubarwa a kwata.

Daga baya gwaggo ta daina lallashi. Ina zaune gindin taga ina faskare, na ji tana gaya wa matata cewa ruwan jego zafi gare shi, kowace mace ihu take yi a ciki, kuma babu mai tambayarta dalili. Ba a jima ba suka fito, gwaggo na riƙe da ita, suka shige bayi. Na juye ruwa a bokiti na ajiye a bakin ƙofa.

Na ji saukar ganye a jiki, sannan na ji muryar matata. Ban taɓa jin mutum ya yi irin wannan kukan ba. Matan gidan da ke layin famfo suka ce mai jego na shan ruwan zafi, suka ci gaba da hirarsu. Ni kuma na tsuguna gaban murhu ina tura itacen da ba a buƙata.

Da suka fito, jikinta na tururi, ta zauna a dakali ta karɓi kunun kanwa ta sha fiye da rabi. Ba ta dube ni ba. Ta ce da yamma in ƙara itace, ruwan bai yi zafi ba.