Takardar Shaidar Ran Inna

Ina cikin shekara ta tara da kama aiki a wani ofishin gunduma a Parakou lokacin da abin ya faru. Aikina ba babba ba ne. Teburina yana kusa da taga, mutane su kawo takardu in duba, in cike abin da ya rage, in kai wa shef, wato shugaban ofis, ya sa hannu, in dawo in buga hatimi. Sau ɗaya a shekara tsofaffi masu karɓar fansho sukan cika mana baranda, domin ba a ci gaba da biyan kowa sai ya kawo takardar shaidar cewa yana da rai. Mutum zai zo da ƙafarsa da katin shaidarsa, in kalli hoto in kalli fuska, shi ke nan.

Ina da ƙawa tun ta yarinta. A Djougou aka haife mu, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu, kakanninmu duka fataken goro ne da suka yada zango a garin ba su ƙara tashi ba. Mahaifiyata ta rasu ina da shekara bakwai. Daga ranar uwar ƙawata ce take mini kitso, ita take duba kaina idan zazzaɓi ya kama ni, ita ta zaunar da ni ta yi mini bayanin da uwa take yi wa 'yarta lokacin da na fara girma. Inna nake ce mata, kamar yadda 'ya'yanta suke faɗa.

Mijin Inna ma'aikacin jirgin ƙasa ne, a Gare, tashar jirgin Parakou, ya ƙare ƙuruciyarsa yana rubuta kayan da ake saukewa. Da ya rasu sai aka ci gaba da ba Inna wani kaso na fanshonsa. A lokacin ƙawata tana zaune a unguwar Titirou a nan Parakou, aurenta ya mutu, tana sayar da shinkafa da wake a bakin tashar manyan motoci. Yayanta direban babbar mota ne, ya yi haɗari a hanyar arewa, ƙafafunsa duka biyu suka mutu. Matarsa ta yi haƙurin shekara guda ta koma gidansu, ta bar masa 'yan mata biyu. Duk suka taru a ɗaki biyu na ƙawata, har da Inna. Ribar shinkafa tana ciyar da su, kuɗin Inna kuma shi yake sayen magani da robar fitsari da auduga, ya biya kuɗin lakwal, wato makarantar yaran.

Da ciwon ajali ya kama Inna sai ta ce a mai da ita wajen danginta, wani ƙauye a ƙasar Sérou. Can ta cika, a tsakiyar damina. Na bar aiki na hau mota zuwa Djougou, daga nan na hau zemi, babur na haya, jar lakar hanya ta ɓata mini zane har gwiwa. Na iske ba a yi mata wanka ba tukuna. Ƙanwarta, wadda muke ce wa Iya, ita ta yi wankan, ni kuma na riƙe buta ina zuba ruwa inda ta nuna mini. Ni na ɗaure mata haɓa. A ƙauyen babu wanda ya yi zancen zuwa ofis a rubuta mutuwa, ni ma mai aikin takardu ban tuna ba, kuka ya cika mini kai.

Wata bakwai bayan haka, wata safiyar Talata, baranda a cike, na ɗaga kai don in karɓi kati na gaba sai na ga hoton Inna a hannuna. A gabana Iya ce tsaye. Sun yi kama ƙwarai, doguwar fuska ɗaya, tsagar kumatu iri ɗaya, kuma hoton ya tsufa. Mayafin da ke kanta ruwan toka ne mai bakin zare, ni na saya wa Inna shi da wata sallah. Iya ba ta kalle ni ba. Ta gaishe ni da harshen Dendi kamar baƙuwa, idonta a kan teburi. Ta taga na hango ƙawata a gindin mangwaro, ta juya wa ofis baya.

Ban san tsawon lokacin da na yi riƙe da katin ba. Na ji bakina ya ce ina zuwa, na ajiye shi, na tashi na shiga bayi na rufe ƙofa. Da na fito, abokiyar aikina, wata matashiya da ba ta cika shekara biyu da fara aiki ba, ta ga layi ya tsaya ta zauna a kujerata don ta taimake ni. Ta riga ta cike takardar, shef ya sa hannu, ta buga hatimina. Iya ta tafi. Na yi mata godiya na zauna na ci gaba da aiki.

Da la'asar na tafi tashar manyan motoci. Na iske ƙawata ta sayar da abinci ya ƙare, tana durƙushe tana kankare tukunya. Ta ce ta san zan zo. Ta ce ba ta so a faɗa teburina ba, ta gaya wa Iya ta bi ɗaya layin, tsohuwa ta rikice. Na tambaye ta ko ta san abin da ake yi wa mutum idan aka kama shi da wannan, ta ce ta sani. Na ce mata wannan dukiyar jama'a ce. Ta ajiye soso ta ɗago.

"Shekara talatin Baba ya yi yana haɗiyar hayaƙin jirgi. Ɗansa ne kwance a ɗakina. In na tsayar da kuɗin nan, ke za ki saya masa magani?"

Na ce zan taimaka da abin da zan iya. Ta yi wata 'yar dariya, domin ta san albashina, ta san 'ya'yana huɗu. Sannan ta ce, "Ban roƙe ki ki sa hannu ba, 'yar'uwa. Ki dai yi kamar ba ki gani ba."

Na gani kuwa, kuma ganin ya zauna mini a ƙirji. Na gaya wa maigidana. Shi ɗan kasuwa ne, maganarsa gajeriya ce. Ya ce hatimina ne a kan takardar, ranar da asiri ya tonu ni za a fara kira, in je in faɗa wa shef tun da wuri. Da na ce masa to yayan ƙawar tawa fa, sai ya ce shi dai ya faɗi nasa.

Na je wajen malamin da muke ɗaukar karatu a gidansa ranar Asabar, na ba shi labarin kamar na wata ne. Ya ce aikin hukuma amana ne, wanda aka ba tsaron ƙofa ba ya barin a shiga ta taga yana kallo. Ya kuma ce rufa asirin musulmi abu ne mai girma, a fara da nasiha a ɓoye, a yi ta yi. Na tambaye shi idan nasiha ba ta yi aiki ba fa. Ya daɗe yana jan carbi, ya ce mai tambayar ta fi shi sanin mutanen, Allah ya ba ta mafita. Na fito da nauyin da na shiga da shi.

Nasiha na yi ta. Sau uku ina zuwa Titirou. Kowane zuwa sai na shiga na gaida yayan nata, yana kwance a katifa kusa da ƙofa don ya sha iska, rediyo a kan ƙirjinsa. Mutum ne mai barkwanci tun muna yara, har a lokacin yana tsokanata da sunan da yake kirana da shi a Djougou. Bai san komai ba. An gaya masa wai hukuma ta mai da kuɗin fanshon da sunansa saboda lalurarsa, yana ta sa wa hukuma albarka. Gyambon kwanciya ya ci masa baya, ƙawata tana wanke shi safe da yamma kafin ta tafi tasha da bayan ta dawo. Ina ganin haka sai maganar da na shirya ta narke, in ajiye ɗan abin da na zo da shi in tafi.

A ofis kuma ga tsofaffin gaske. Akwai wata da take zuwa daga nesa da sanda, ta zauna a dakalin baranda tana jiran a gyara mata wani kuskure a dosiyenta, wato takardun fanshonta, wata biyar ba a biya ta ba. Ranar da na ji wani ma'aikaci yana cewa matattu ne suke cinye rabon masu rai, shi ya sa ake tsananta bincike, sai da na kasa cin abincin rana. Na taɓa zama na rubuta wa shef wasiƙa da Faransanci, layi shida, babu sa hannu. Ta yi mako uku a jakata. Na yaga ta a kasuwa na zuba a kwata.

Da shekara ta zagayo, watan tsofaffi ya matso, sai na nemi hutuna na shekara. Na san abin da nake yi. Na tafi Djougou na zauna a gidan ƙanina ina taya matarsa jego, ina sane da cewa a ranakun nan Iya za ta sake yafa mayafin nan ta shiga layi. Ta shiga kuwa, kuma matashiyar nan ce ta sake cike mata.

Asirin ya tonu ta inda babu wanda ya zata. Wani ɗan'uwan Inna a ƙauye ya so sayar da gonar gado, mai saye ya ce sai an kawo takardar mutuwar duk magadan da suka rasu. Ya je ya yi shaida, aka rubuta mutuwar Inna da ranarta. Takarda ta yi tafiyarta a hankali har ta haɗu da 'yar'uwarta mai cewa matar tana da rai.

Shef ya kira ni ofishinsa. Ya ce an gaya masa masu karɓar kuɗin Inna 'yan garinmu ne, ko na san su. Na ce na san su. Ya tambaya ko ni na cike takardun. Na ce ya duba rubutun, ba nawa ba ne, na biyun ma ina hutu. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Bai tambaye ni ko na san Inna ta rasu ba, ni kuma ban faɗa ba. Aka dakatar da abokiyar aikina wata uku babu albashi, wai ba ta duba fuska da kyau ba. Ranar da za ta tafi ta rungume ni tana kuka, tana cewa ita taimako kawai ta yi nufi. Na kai mata buhun shinkafa gida, ta yi ta godiya, na kasa haɗa ido da ita. Har yau ba ta san dalilin buhun ba.

Ƙawata ta kwana biyu a komisariya, hannun 'yan sanda. Dattawan unguwarmu na Djougou suka taso suka yi ta kai da kawowa, aka duba tsufan Iya da halin majinyaci, aka tsaya a kan a mai da abin da aka karɓa. Sai da suka sayar da rabonsu na gidan Djougou, wanda yake manne da namu.

Na je Titirou bayan an sake ta. Ba ta bar ni na shiga ba, a bakin ƙofa ta tare ni. Ta rame, muryarta a dushe.

"Shekara biyu kika jira kafin ki kai ƙarata. Da kin yi tun ranar farko da ya fi mini sauƙi."

Na rantse mata ba ni ba ce. Na ba ta labarin gonar da ɗan'uwan nasu. Ta ce ta ji wannan labarin, kuma ta ji an hukunta kowa a ofishin ban da ni. Daga ciki yayanta ya ji muryata ya kira ni, ta ce masa na wuce ina sauri.

Bayan wata biyu suka tashi daga Parakou. Ta kai yayan nata da yaran ƙauyen Sérou wajen Iya, ita kuma tana soya wagashi, cukun Fulani, a bakin kasuwar Djougou. Babbar yarinyar ta bar lakwal. Yayan nata ya rasu a damina ta gaba, gyambon ya shiga jini. A bakin ƙanina na ji, kwana huɗu bayan an binne shi.

Na je gaisuwa. Ƙawata ta amsa mini kamar yadda ta amsa wa kowa, ta sa aka kawo mini ruwa. Iya ce kawai ta kama hannuna ta riƙe, ta ce in yafe mata tsayuwar da ta yi a gabana. Na zauna cikin mata har aka yi sallar azahar, sannan na yi sallama na fita neman zemin da zai kai ni tasha, saboda washegari akwai aiki.