Ƙyallayen Takabar Inna

Ranar Litinin ɗaya ga Oktoba, 1979, ranar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ni a tsugune nake a tsakar gidanmu a Mandawari ina mulmula gumba. Ranar ce ta yi daidai da sadakar arba'in ɗin Babanmu. Rediyon maƙwabta na ta ɓaɓatu ta kan katanga, daga titi ana jiyo ganga da hon ɗin motoci, 'yan ajinmu kuwa tun da sassafe suka bi ta lungunmu sanye da kayan makaranta za su maci. Ladidi, ƙawata, har leƙowa ta yi ta zaure ta yi mini gwalo. Wallahi ba don idon mutane ba da na jefe ta da gumbar hannuna. Kowa na murnar ƙasa ta samu sakewa, ni kuwa a ranar ne Baffa, wan Babanmu, ya tabbatar mini ba ni ba makaranta sai Inna ta fita takaba. "Bokon ba guduwa zai yi ba," in ji shi, ya gutsuri goro ya fice.

Babanmu tela ne. Saura kwana biyu ƙaramar sallah ya yanke jiki ya faɗi a kan kekensa a zaure, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ya bar Inna da ni, mai shekara goma sha biyu, da ƙanena da yake goye. Wata huɗu da kwana goma Inna ba za ta taka ƙofar gida ba, ba kwalli, ba lalle, ba turare. To wa zai yi mata aike in ba ni ba? Ni ce ɗebo ruwa a famfon bakin masallaci, ni ce kai niƙa, ni ce sayen gawayi da kayan miya, ni ce raino. Ko aiken ma a guje nake zuwa in dawo, don Inna ba ta son zama ita kaɗai. Da la'asar ina jin yara suna gaɗa a dandali, ƙafata har ƙaiƙayi take, amma ina! Gidanmu da na sani da hayaniyar masu karɓar ɗinki ya koma tsit, ɗaki ɗaya da tsakar gidan da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba.

Abin da Baba ya bari da yawa shi ne ƙyallaye, buhu guda cike da ragowar ɗinkin sallah: shadda, atamfa, boyel, leshi, har da kakin 'yan makaranta. Tun kwana na uku Inna ta jawo buhun. Malamin unguwa ya ce mata tunda rasuwar ba a farkon wata ta faɗo ba, ta ƙirga kwana ɗari da talatin. Sai ta ce ita ba ta da kan riƙe kwanaki, amma kullum za ta ɗinka gida ɗaya, ran da gidajen suka kai ɗari da talatin ta haɗa su lulluɓin gado, takaba ta ƙare. A ranar ta rama na kwanakin da suka riga suka wuce. Gida shi ne sunan da ta sa wa ƙyallayen da ta harhaɗa suka ba da murabba'i mai faɗin tafin hannu biyu. Da kwalin sukari take yanka ma'auni, ta ɗora a kan ƙyalle ta zana da sabulun da ya siɗe, ta bi da almakashin Baba. Kuma ba ta maimaita zane. Yau gidan dara, gobe tauraro, jibi tsani, gata ƙafar kaza, wani ma ba shi da suna sai wanda ta laƙaba masa. In kusurwa ba ta haɗu da kusurwa ba, ko da faɗin ƙwayar gero ne, sai ta farke. "Allura ba ta san sauri ba," haka take cewa in ta ga ina hamma. Ni ce mai zura mata zare, da haka hannuna ya faɗa. In ta gama sai ta jefa gidan a wata tsohuwar kwalla ta rufe. Ba ta ƙirgawa, ta ce ƙirga kullum tsawo yake ƙara wa kwana.

Bayan babbar sallah na haɗu da Ladidi a bakin famfo, ta ce hedimasta ya faɗa a taron safe cewa kafin hutun Disamba za a rufe rubuta sunayen 'yan aji shida masu jarrabawar shiga sakandare, wanda ba ya zuwa kuwa ba za a sa shi ba. Na ajiye bokiti na yi ta lissafi da yatsu, na ga takabar Inna ba za ta ƙare ba sai makaranta ta yi sati biyu da rufewa. Na san kuma in shekarar ta wuce ni, Baffa ba zai sake tada maganar ba. Na tunkare shi, ya ce in ɓace masa da gani. Inna kuwa kunyar yi mata maganar nake, mace tana kukan miji ni ina kukan jarrabawa.

Shaiɗan ba ya rasa shawara. Duk bayan azahar in Inna ta kishingiɗa, sai in saci ƙyallaye in shige zaure, in ɓuya a bayan keken Baba da aka lulluɓe da zani, in yi ta ɗinki. Wani gidan kwana biyu yake ɗauka ta. In na gama in tura shi can ƙasan kwalla. Goma sha bakwai na yi, daidai abin da nake bukata. A wautata gani nake ba wanda na cuta, kwana ne kawai na rage mana mu duka. Mai karatu zai ce yaya babba za ta ɓace da lissafi har haka. Wanda bai taɓa wata uku a ɗaki ɗaya ba ne zai faɗi haka, don a can jiya da yau duk kamarsu ɗaya.

Wata Litinin na ce, "Inna, kwallar nan fa ta cika." Ta juye a tabarma ta ƙirga sau biyu, ɗari da ashirin da bakwai. Ta ce, "Ikon Allah, ashe har mun zo." Ta aike ni in gaya wa dangi ranar Alhamis za ta fita. Aka jiƙa shinkafar waina, Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo da mai kitso, matan unguwa suka cika gida, aka ɗora ruwan wanka. Ni har na wanke kayan makarantata na shanya. Ana cikin haka Baffa ya yi sallama daga zaure, murya sama, ya ce wace irin fita ce wannan? Ɗan'uwansa ya rasu ashirin da takwas ga azumi, yau ko watan cika-ciki bai ƙare ba, saura kwana goma sha bakwai cur. Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Oh ni 'yasu! Ɗokin me ake yi haka, ko wani ne yake jira a waje?" Na ga maganar ta daki Inna, ta sunkuyar da kai. Ni kuwa tsoro ya sa na laɓe a bayan mata. Abin da Inna ta ce kawai, "Ni na ɓata lissafi, Allah ya yafe mini." Aka raba wainar a matsayin sadaka, mata suka fita suna zunɗe.

Da gida ya watse ta sake juye kwallar, ta dinga kifa gidajen tana duba bayansu. Nata ɗinkin ƙanana ne a jere kamar haƙoran masara, nawa kuwa wani dogo wani gajere. Ɗaya bayan ɗaya ta ware sha bakwai ta tara a gabana. Na fashe da kuka na faɗa mata komai, ina jiran mari. Sai ta dube ni ta ce, "Ashe ke ma takabar kike yi ban sani ba." Da yamma ta aika a kira Baffa, ta yi masa magana ta bayan labule, ta ce ruwa a sayo wurin 'yan garuwa, aike kuma yaran maƙwabta sun isa, amma yarinya gobe makaranta. Ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba sai ranar. Washegari aka rubuta sunana, saura kwana uku a rufe. Sauran kwanakin ita kaɗai ta cike su, daga ita sai jariri sai allura.

Na ci jarrabawar, na yi karatu, na koyar shekara talatin har na yi ritaya. Yanzu zanin gado a Kantin Kwari nake saya, inji ne ya buga shi, ba kusurwar da ta kauce, kwanan wata kuma yana cikin wayar kowa, ba mai ɓacewa. Lulluɓin Inna yana wurina, ta haɗa har da nawa goma sha bakwai a gefe-gefe, duk sun koɗe. Amma maganar Gwaggo ba ta koɗe ba. Shekara da shekaru in aka yi zancen takaba a unguwarmu sai wata ta ce, "Kar dai a yi irin ta matar tela." Inna tana ji, ba ta taɓa buɗe baki ta wanke kanta ba, kuma ba ta sake aure ba. Sau biyu na ce zan faɗi gaskiya, ta ce in na yi ba ta yafe ba. Yau shekararta tara a ƙasa, masu zunɗen ma yawancinsu sun bi ta. Ga shi na faɗa, amma waɗanda ya kamata su ji ba sa nan.