Baba Dabo Mai Gyaran Goge

Ran Juma'a ina sussukar gero maƙwabciyata Khairiyya ta dawo daga kasuwar Bici, ta ce Baba Dabo mai gyaran goge ya tattara kayansa, ido ya ƙi. Na ajiye taɓarya na zauna. Gogen mijina Kamilu yana rataye a ɗaki da fata a fashe tun rasuwarsa bara, kullum ina cewa gobe zan kai.

Tun ina budurwa Baba ke wannan aiki. In ya idar da asuba sai ya shimfiɗa buhu, ya jiƙa fatar guza, ya zauna yana tsefe gashin wutsiyar doki sili-sili. Doki ya yi wuya a ƙauyukanmu, da ƙafa yake zuwa har Makoda roƙon gashi. Yakan ce daga kakansa ya gaji sana'ar, kakan kuma wajen fatake ya gani. Da aka nuna masa gogen Turawa a waya, sai ya ce, "Tsirkiya huɗu suka ba shi, amma ɗan'uwan namu ne."

Da na fita takaba ƙannen Kamilu suka ce a yar da gogen, ba abin gado ba ne. Na ƙi. Washegarin da Khairiyya ta kawo labarin na naɗe shi a zane, na hau babur zuwa gidan Baba a Kunci.

Ya shafa ƙwaryar kawai ya ce, "Na Kamilu ne. Furera, sai da na makance kika ga dama?"

"Baba, kunya ce."

"Kunyar wa? Miƙo min ƙaro, ki riƙe nan."

Da laluɓe ya ja sabuwar fata, ɗansa Basiru yana buga ƙusa inda ya nuna. Bayan mako na koma. Ya goga ƙaro a jikin bakan gogen, ya ja kiɗan gayya da Kamilu ke yi wa manoma, ya juya shi na rakiyar amarya, ya sassauta ya koma na rarrashin yaro. Duk a kan tsirkiyar nan ɗaya. Na yi kuka, bai hana ni ba.

Baba, kai ne ba ka taɓa raina makaɗin ƙauye ba. Kai ne ka mayar min da muryar gidana. Uban masu goge, Allah ya saka, ya ƙara lafiya.

Basiru ya karɓi gindin bishiyar da uban ke zama a kasuwa, yanzu ma yakan zo aron gogen in za a yi gayya. Masu sana'a, ku koyar tun hannu na motsi. Mai doki kuma, in ya yi wa wutsiya aski, ya aika wa su Basiru gashin.

Baba ya ce fata ba ta son sanyi. Shi ya sa kowane hantsi nake jingina gogen a jikin rumbu ya sha rana kaɗan, in mayar da shi ɗaki kafin in ɗora tukunya.