Abin da Na Rubuta a Gaban Sunan Malam Tanimu

Bazarar bana ta cika shekara ashirin da biyu da rasuwar Malam Tanimu maginin rijiya, mutumin Getso. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, alhali rubutu ne kaɗai abin da na fi shi iyawa. Mu shida ne a kwamitin da zan ba ku labarinsa, yau ni kaɗai na rage. Idan na tuna wani abin dariya da ya faru a zamanmu, sai in waiga in rasa wanda zan ce wa, "Ka tuna?" Wannan kaɗaicin ne ya sa na ɗauki biro, shi da wani haƙƙi da na daɗe ina ɗauke da shi ban gaya wa kowa ba.

A zamanin tsuke bakin aljihu aka kafa mu. Kananzir ya yi tsada, albashi ba ya kai tsakiyar wata, kowane gida ya koma wa itace. Gatari ya shiga gonaki, damina kuma ta fara yi mana wasa, ta sauko ta ɗauke, mutum ya yi shuka sau biyu ko uku. Sai takarda ta zo daga sama cewa a kafa kwamitin sa-kai da zai riƙa ba da shawara kan ruwan sama, sare itatuwa da kwararowar hamada a ƙasar Gwarzo da Kabo. Lokacin kalmar sauyin yanayi ba ta shiga bakin mutane ba. Da manyan gari suka ji babu alawus, babu mota, babu ko lemon kwalba, sai kowa ya tuna yana da uzuri. Haka kujerun suka faɗo kanmu.

Shugabanmu Alhaji Bala ne, tsohon malamin gona, wanda ya yi ritaya amma bai daina yi wa mutane faɗa kan tazarar shuka ba. Akwai Liman, saboda idan aka ce a daina sare itace, gara a ji daga bakinsa ranar Juma'a. Akwai Jauro Buba daga wajen Masanawa, wanda iyayensa makiyaya ne kafin su zauna su kama noma. Shi ba ya yawan magana, amma ya san irin ciyawar da ta ɓace daga kowace fadama, da shekarar da shanunsa suka daina ganinta. Akwai Inna Tabawa mai daddawa daga Garo, wadda ta san kowace ɗorawa da ke tsaye a yankinsu da mai gonar da take ciki, ta kuma san wanda ya sare tasa, ba ta jin nauyin kiran sunansa a taro. Ni kuma hedimasta ne, aka ba ni sakatare don makarantarmu na da keken rubutu. A ajinmu na firamare muke zama, Asabar ɗin farkon kowane wata, manya-manyan mutane a kan bencin yara, gwiwoyinmu suna neman taɓa haɓa.

Na shidanmu shi ne Malam Tanimu, kuma ni na kawo sunansa. Shi ya gina rijiyar makarantarmu, a nan muka saba, har ta kai in ya shigo Gwarzo ba ya komawa sai mun ci abinci kwano ɗaya. Ya girme ni da kusan shekara goma, amma ba ya kirana da komai sai Malam Sakatare, yana faɗa yana murmushi kamar ya naɗa ni sarauta. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa ya yi kanta. Yakan ce mu duka saman ƙasa muka sani, shi kaɗai ya san cikinta. Gaskiyarsa ce. Ya san inda jar ƙasa take ƙarewa marmara ta fara, ya san yumɓun da ke riƙe ruwa da yashin da ke sakinsa, ba ya kuma shiga tsohuwar rijiya sai ya zura fitila ya ga ba ta mutu ba.

Yana da wata al'ada da ba wanda ya sa shi. Kowace bazara, kafin ruwan farko, sai ya hau kekensa ya zaga rijiyoyin da ya gina, daga Getso har Garo da Masanawa. Kowace rijiya da igiyarta. Ya ɗaura dutse ya zura, inda dutsen ya taɓa ruwa ya ƙulla igiyar daidai bakin rijiya, ya soka ɗan tsumma a ƙullin. Shekara ta zagayo ya sake. Ranar da ya fara shigo mana da buhun igiyoyin nan, Alhaji Bala ya tambaye shi ko kasuwa ya nufa ya yi ɓatan hanya. Malam Tanimu ya shimfiɗa igiya ɗaya a tsakar ajin. Muka ga ƙulli yana bin ƙulli, kowanne ya fi na bara nisa. Ba a taɓa nuna min yadda ruwa yake gudunmu ƙarara kamar ranar ba.

Wata shekara aka turo mana dashen itacen turare cike da mota, aka ce a dasa a bakin fadamu. Alhaji Bala ya yi murna, ya ce itace ne mai saurin girma, takardu ma sun yabe shi. Malam Tanimu ya ce, "Alhaji, takardar ta taɓa shiga rijiya? Ni na tarar da saiwarsa a ƙasa, inda ban zaci saiwa tana kaiwa ba. Wannan itacen ɗan shan ruwa ne. A kai shi tudu." Aka yi ta gardama har azahar, Inna Tabawa ta goya masa baya, Jauro ya gyaɗa kai. A ƙarshe na rubuta shawarar kamar yadda ya faɗa. Ko an bi ko ba a bi ba, wannan wani zance ne, amma mun faɗa.

Haka muka yi shekaru ba wanda ya damu da mu. Sai mulki ya koma hannun farar hula, aka shiga ɗokin Shari'a, ko'ina kwamiti, ko'ina taro. Inna Tabawa ce ta fara barinmu. Ba wanda ya kore ta, 'ya'yanta ne suka ce ana surutun zamanta cikin maza, ta aiko da daddawa ƙulli biyar da sallama. Ba a jima ba aka ce wasu masu ba da tallafi daga waje suna sha'awar aikin muhalli, amma suna son su san su wane ne 'yan kwamitin. Aka aiko min da fom guda biyar. Suna, gari, shaidar karatu, aikin da aka taɓa riƙewa.

Ni kaɗai na cike su a ofishina. Alhaji Bala yana da difloma, ni ina da takardar malanta. Jauro ya taɓa shiga ajin yaƙi da jahilci, na rubuta masa. Liman na rubuta masa ilimin addini mai zurfi, ban nemi wata takarda ba. Da na zo kan Malam Tanimu sai na tsaya. Na yi tunanin in ƙirƙira masa wani abu, na ce a'a, wannan shaidar zur ce, ga shi kullum wa'azin da ake yi ke nan. Sai na rubuta "babu" a gurbin karatu, na sake rubuta "babu" a gurbin aiki, don a kaina aiki shi ne na gwamnati. Bayan takardar fari ne fes. Da na juya ta na rubuta rijiyoyinsa da igiyoyinsa, da ba wanda zai hana ni. Ban juya ba, ban kuma tambaye shi ba. Har na ji daɗin kaina cewa na faɗi gaskiya.

Da sunaye suka dawo, babu nasa. An sa wasu mutum biyu masu digiri, an mayar da zama wani ofishi mai fanka ranar Laraba, an kuma fara ba da ɗan kuɗin zama. Ni an bar ni a sakatare. Ba zan ɓoye muku ba, na so kujerar. A karon farko a rayuwata ana kirana bita Kano, ana rubuta sunana a kati a ajiye a gabana.

Asabar ɗin farkon wata ta zo, sai ga Malam Tanimu a kan kekensa a ƙofar makaranta. Ya leƙa ajin ya ga ba kowa. Ya ce, "Malam Sakatare, na yi sammako ne ko na makara?" Na buɗe baki in gaya masa, sai na ji kaina ina cewa, "An ɗage zaman." Ya ce to, Allah Ya kai mu. Muka zauna a gindin darbejiya, na aika aka sayo rogo da ƙuli, ya ba ni labarin rijiyar Garo da ta ƙara yin ƙasa, na ɗauko takarda na rubuta. Ranar Laraba na karanta a sabon kwamiti, aka yaba min, aka ce sakatare yana bincike. Ban ce ba nawa ba ne.

Wata mai zuwa ya dawo, na ce shugaba ya yi tafiya. Na gaba na ce ana jiran takarda. Fiye da shekara muna haka. Ni da na ƙi yi masa ƙarya ɗaya a kan fom, sai ga ni ina yi masa ƙarya kowane wata ido da ido, in tashi daga nan in je masallaci in shiga sahun gaba. Kowace Asabar ina cewa yau zan faɗa, sai in ga yadda yake kwance buhunsa daga bayan keke, in ce bari sai wani watan. A wata bazara zazzaɓi ya kwantar da shi kwana huɗu. Ina Kano wajen bita aka yi jana'izarsa, sai zaman makoki na tarar.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Yanzu mota ce take zuwa da inji, ta huda ƙasa cikin kwana biyu, a ɗora tanki da sola, ba wanda ya sauka ya ga abin da ke ciki. Na san zai zagaya injin yana tsaki, daga baya ya matsa kusa da direban ya tambaye shi a zurfin gaba nawa suka sami ruwa. Da ya ji amsar, ina jin sai ya nemi wuri ya zauna. Zai yi dariyar wayar da ke faɗin ranar da za a yi ruwa, amma zai saurara, don shi ba ya raina abin da bai gwada ba. Abin da zai fi ba shi mamaki shi ne yadda rediyo take maganar sauyin yanayi kamar jiya aka gano shi, da yadda ruwan yake ƙin zuwa, in ya zo kuma ya zo da rushe gidaje. Kwamitin namu ya watse tun da tallafin ya ƙare. Masu digirin sun sami canjin aiki, Alhaji Bala da Liman da Jauro da Inna Tabawa duk sun bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Me ya rage nasa? Rijiyar makarantarmu tana nan, yara suna sha, ba wanda ya san sunan wanda ya gina ta. Wasu rijiyoyin sun ƙafe an rufe su da kara. Igiyoyin, na ji an ɗaure awaki da su har suka ƙare, don ba wanda ya san abin da ƙullin yake nufi sai mu. Rahotannin da ya ba ni suna cikin wani fayil, in gara ba ta cinye ba, da sunana a ƙasansu. Ina shaida wa duk mai karanta wannan cewa nasa ne.

Bara bayan girbi na yi ta maza na je Getso wajen matarsa, Yaya Hanne. Ta tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, aka shimfiɗa mata tabarma a zaure. Bayan mun gama gaisawa na zayyana mata komai, tun daga fom har rogo da ƙuli. Ta saurare ni ba ta katse ni ba.

Ta ce, "Malam, ai ya sani. Tun watan farko Jauro ya gaya masa a kasuwa."

Na ce, "To, Yaya, me ya sa yake ta zuwa?"

Ta ce, "Na tambaye shi. Ya ce in ya daina zuwa, maganar rijiyoyin ba ta da mai kai ta gaba. Ya kuma ce kai mutum ne mai kunya, a bar ka, wata rana za ka faɗa da bakinka."

Sannan na yi tambayar da ta kawo ni. Na ce, "Ya taɓa cewa ya yafe min?"

Ta yi tunani tukuna, don ba mace ba ce mai faɗin abin da ba ta ji ba. Ta ce, "Ban ji ya ce ba. Ai ba ka tambaye shi ba, Malam."

Allah Ya haskaka kabarin Malam Tanimu, Ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da garuruwa, Ya haɗa da sauran 'yan kwamitinmu. Ni kuwa, wanda ya karanta wannan ya roƙa min abu ɗaya: ranar da za mu haɗu, Allah Ya ba ni ikon in riga shi magana.