Ciyawar da Na Ƙi Nomewa

Ina da shekara arba'in annoba ta share garkenmu. Na ajiye sandar kiwo na ɗauki fartanya, wani dattijo a Gozaki ya ara mini gona yana koya mini.

Ranar noman farko ya tarar na bar ƙyasuwa tsaye tsakanin dawa, kore shar.

Ya ce, "Malam, wannan fa?"

Na ce, "Baba, ai shanu na son ta."

"Waɗanne shanun?"

Raina ya ɓaci, na sunkuya na nome ta kaf. Da damina ta zagayo na sake nome ta, amma wannan karon na ɗaure na kai gida. Karsana na turke tana jira, dawar bara ce ta sayo ta.