Yadda Kawu Teoh Ya Gyara Kunnen Mak

Kawu Teoh bai yarda akwai abin da ya gama gyaruwa ba. Ya ƙare ƙuruciyarsa a wata masana'antar lantarki a garin Bayan Lepas yana haɗa samfurin gwaji da dalma, yatsunsa duk tabon ƙuna. Ya yi ritaya, amma har yau fankar gidansa a warware take, wai yana ƙara mata kyau. Tun rasuwar matarsa, laksa, wato miyar taliya da kifi da Mak, mahaifiyata Senah, take dafawa, ita ce abincin ranarsa a rumfarmu ta garin Balik Pulau.

Da ƙarfin jin Mak ya ragu, na sayo mata na'urar kunne. Ashe ƙarar cokula da babura take ƙarawa, muryar mutum kuwa ta nutse. Mak ta yi ta zuba wa masu saye abin da ba su ce ba, har kunya ta kore ta ɗaki. Abin ya ci mini rai, don Mak in ba ta rumfa tana faɗa, to ba lafiya.

Sai ga Kawu da kwamfuta da wani ɗan cif na lantarki, ƙarami kamar farce. Ya ce a zamaninsu kowane sauyi sai an narka dalma, an yi jiran makonni. Wannan kuwa daga kwamfuta ake sake masa hanyoyin ciki nan take. Ya lallaɓo Mak tsakiyar hayaniyar rumfa, ya haɗa cif ɗin da na'urar kunnen da waya, ya maƙala mata.

"Yaya Senah, yanzu fa?"

"Ya yi, Teoh. Sannu da ƙoƙari."

Ya sauya. "Yanzu?"

"Ya yi sosai."

Komai ya taɓa, ya yi. Mak ba ta iya wahalar da mai taimakonta ba, leɓensa kawai take karantawa.

Kawu ya ƙifta mini ido, ya koma bayanta. Duk sauyin da ya yi sai ya ce a hankali, "Laksar nan lami ce, ta rumfar Ah Moi ta fi ta." Shiru. Ya sauya, ya maimaita. Shiru. Har na fara fid da rai, sai Mak ta juyo a fusace.

"Lami? Kai da kake lashe kwano kamar kyanwa! Tafi wajen Ah Moi ɗin mana!"

"Madalla," in ji Kawu, "a nan za mu tsaya."

Na yi dariya har da hawaye. Mak kuwa ta miƙe ta fizge ludayi daga hannuna, ta daka wa wani mai saye tsawa: "Kai, daina ihu! Ina jin ka."